Digiri na biyu a zanen gine-gine: zama a makaranta, karatun gauraye, intanet zalla ko karatu daga ofis?

Wanda ya gama digirin farko a fannin zanen gine-gine, ya fara aiki a ofis, ya yi iyali, yakan kai wani gaci inda dole ya tsaya ya yi lissafi. Ba zai samu lasisin da zai ba shi ikon buga hatiminsa a kan zane ba sai da digirin ƙwarewa, kuma digirin nan a yawancin ƙasashe yana nufin ajiye aiki na shekara biyu ko uku. Wannan matsin ne ya sa wasu makarantu a Amurka da Ingila da Ostireliya suka buɗe karatun gauraye: yawancin darussa ta intanet, sai a haɗu ido da ido na ƴan kwanaki a kowane zango. Tsarin yana da amfani ƙwarai, amma ga wasu mutane kaɗai, kuma wanda ya shiga ba tare da lissafi ba zai iya kashe kuɗi mai yawa ya fito da takardar da hukumar ƙasarsa ba ta san da zamanta ba.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, wanda ya fi sauran duka nauyi: a wace ƙasa kake son a yi maka rajista? Digiri daban, lasisi daban. Makaranta ce ke ba da digiri, hukuma ce ke ba da lasisi, kuma kowace hukuma tana da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su. A Amurka hukumar NAAB, wadda aka kafa a 1940, ita ke tantance kwas ɗin, kuma mafi yawan hukumomin lasisi 55 na ƙasar suna neman digirin da ta amince da shi. A lura cewa kwas take tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Jami'a na iya yin suna, tana kuma da digiri na biyu iri biyu a sashe guda, ɗaya M.Arch, wato digiri na biyu na ƙwarewa a zanen gini, mai amincewar NAAB, ɗayan M.S. na bincike wanda ba ya kai mutum ga lasisi. Ɗalibai da yawa sun ruɗe a nan saboda sunayen sun yi kama. A Birtaniya ARB ce hukumar doka, ƙarƙashin dokar 1997 da ta hana kowa kiran kansa akitek sai mai rajista, RIBA kuma ƙungiyar ƙwararru ce mai nata tsarin tantancewa. A Najeriya hukumar ARCON ce ke riƙe da rajistar masu zanen gini tun dokar soja mai lamba 10 ta 1969.

Na biyu, kuɗi. Kuɗin makaranta ɓangare ɗaya ne kawai. Sai a haɗa da tikitin jirgi, masauki, kwamfuta, lantarki da intanet, da albashin da za a rasa idan an bar aiki.

Na uku, ƙarkon takardar: nisan da za ta iya kai ka, da ko za ta ci gaba da amfani idan ka sauya ƙasa.

Na huɗu, sauƙin haɗa karatun da aiki da iyali.

Na biyar, haɗari: abin da ya fi yawan karya ɗalibai a tsakiyar hanya.

Akwai kuma abin da ya ratsa dukkan ma'aunan nan, wato situdiyo. Karatun zanen gini ya bambanta da na lissafin kuɗi ko gudanarwa domin zuciyarsa situdiyo ce: a ba ka fili da buƙatar mai gini, ka zana, malami ya zauna kusa da kai ya soke zanen, ka sake, a ƙarshen zango ka tsaya gaban juri ka kare aikinka. Rabin abin da ɗalibi ke koya daga teburin maƙwabcinsa yake ɗauka. Duk wata hanyar karatu daga nesa, tambayar da za a yi mata ita ce me ta kawo a madadin wannan.

Hanya ta ɗaya: zama a makaranta

Ita ce sananniya. Mai digirin farko a fannin yakan yi kimanin shekara biyu. Wanda ya fito daga wani fanni dabam, a tsarin Amurka, yakan yi shekara uku zuwa uku da rabi. Mariam Issoufou Kamara ta Nijar misali ce: ta fara da ilimin kwamfuta, daga baya ta yi M.Arch a Jami'ar Washington, kuma ita ce tare da Yasaman Esmaili suka tsara masallaci da ɗakin karatu na Dandaji. Wanda zai sauya fanni haka yana buƙatar hannun malami kusa da shi, domin daga riƙe fensir da karanta ma'aunin zane zai fara.

Ta fuskar amincewa babu gardama. Kana da ɗakin aikin katako, injin yanka na leza, firintar 3D, laburare, da abokan da za ka yi shekaru kana aiki da su. Tsadarta ta dogara da inda take. A jami'o'in gwamnati na Najeriya, kamar Ahmadu Bello ta Zariya wadda sashenta na zanen gini ya fi kowane daɗewa a ƙasar, ko Jos, ko Minna, ko Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, tsarin shi ne shekara huɗu ko biyar ta digirin farko da kimanin shekara biyu ta na biyu, kuɗin kuma bai kai ko kusa da na waje ba. Haɗarinsa yajin aiki, wanda a 2022 ya ci wata takwas, da jinkirin duba kundin ƙarshe. A Ingila kuɗin ɗan ƙasa fam 9,535 ne a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, baƙo kuma yakan biya ninki biyu ko fiye. A Amurka, idan aka haɗa da haya da abinci da inshorar lafiya, ita ce hanya mafi tsada a cikin huɗun.

Hanya ta biyu: karatun gauraye

A nan ya kamata a tsaya sosai, domin a nan aka fi samun ruɗani. Fitaccen misali shi ne Boston Architectural College, wadda asalinta ƙungiyar masu zane ce da aka kafa a 1889, kuma tun farko an gina ta a kan yin aiki da rana, karatu da dare. Ɗalibinta na nesa yana zaune a garinsa, yana aiki a ofishin zane, yana bin darussa ta intanet, sai ya zo Boston na kimanin mako guda a zango don zaman situdiyo mai tsanani. Lawrence Technological University a Michigan da Southern Illinois University a Carbondale su ma suna da M.Arch da mafi yawan darussansa ke gudana ta intanet. Yawan kwanakin da ake buƙatar mutum ya zo da kansa yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka a nemi jadawalin shekarar da za a shiga a rubuce.

Yadda mako ke tafiya: darussan karatu kamar tarihin gine-gine, ƙarfin gini, iska da haske, da dokokin sana'a, ana naɗarsu a bidiyo, ka kalla lokacin da ka samu sarari. Situdiyo kuwa kai tsaye ake yi, sau ɗaya ko biyu a mako, ta Zoom, tare da allon intanet irin Miro inda kowa ke liƙa zanensa malami ya yi masa jan layi. Samfurin gini da hannunka za ka yi shi a gida da kwali da gam da wuƙa, ka ɗauki hotonsa ta kusurwoyi da yawa. Wanda ya ɗauki situdiyo ɗaya da darasi ɗaya ko biyu a zango ya ware awa 20 zuwa 30 a mako bayan aikin ofis. Makon juri ya fi haka.

Amincewa: idan kwas ɗin yana cikin jerin NAAB, hukumomin lasisi na Amurka suna karɓarsa daidai da na zama a makaranta. Ƙa'idar NAAB ita ce M.Arch ya kai jimillar kiredit 168 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi) idan aka haɗa da digirin farko, aƙalla 30 daga ciki na matakin gaba da digiri. Saboda haka makarantar za ta bi takardar sakamakonka darasi bayan darasi, ta duba kundin zanenka, sannan ta yanke ko gajeren layi za ka bi ko dogo. Kada ka biya ko sisi kafin ka ga wannan hukuncin a rubuce. Bambancin layukan biyu na iya zama shekara ɗaya da rabi ta kuɗin makaranta, kuma mai digiri daga wajen Amurka ya fi fuskantar a ce wasu darussansa ba su cike gurbi ba.

Babbar ribar hanyar nan ita ce lokaci. Kafin lasisi a Amurka sai an cika awa 3,740 na aikin horo a tsarin AXP na NCARB, ƙungiyar da ta haɗa hukumomin lasisin ƙasar, a fannoni shida. Mafi girmansu shi ne shirya cikakkun zanen aiki, awa 1,520, sai tsara aiki da zana shi, awa 1,080. Bayan haka akwai jarrabawar ARE 5.0 mai sassa shida. Ɗalibin gauraye yana tara awoyin nan yana karatu, alhali na makaranta sai ya gama, ko ya tsinci kaɗan a hutun bazara. A ƙasar da matsakaicin lokacin kai wa ga lasisi ya haura shekara 12 daga shiga jami'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akwai sharaɗi: aƙalla awa 1,860 dole su kasance ƙarƙashin akitek mai lasisin Amurka ko Kanada. Aikin da aka yi a ofishin Kano ko Abuja ko Yamai ƙarƙashin mai lasisin gida zai iya cike ɗaya rabin ne kawai.

Kuɗi: makarantu masu zaman kansu a Amurka sukan caji sama da dala 1,000 a kowane kiredit, kuma karatu ta intanet bai cika rage wannan ba. A ɗauki misalin lissafi: kiredit 40 a kan dala 1,200 ya zama dala 48,000, kafin tikiti da masauki na kowace tafiya. Abin da ka tsira da shi hayar birni mai tsada ce, da albashinka da bai tsaya ba. Ga mai karɓar albashi da dala wannan lissafin yana fita. Ga mai karɓa da naira da wuya ya fita, kuma wanda ya fara irin wannan karatu a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku a 2024 ba tare da makarantar ta ƙara komai ba.

Haɗari mafi girma ga wanda ke zaune a waje shi ne biza. Bizar ɗalibi ta F-1 an yi ta ne don mai karatu cikakken lokaci a harabar makaranta, kuma doka ta yarda a ƙirga darasi ɗaya kawai na intanet, ko kiredit uku, a cikin nauyin zango. Bizar yawon buɗe ido kuma ba ta halatta karatun da ake ba da kiredit a kansa ba. Ɗalibin gauraye yana faɗawa tsakanin biyun. A 2025 kuma Amurka ta ƙara tsaurara shiga ga ƴan Chadi da Sudan da Nijar da Najeriya. Idan zuwan dole ne kuma aka hana ka biza, situdiyon zangon ya tafi, situdiyo kuwa a jere suke, ba a shiga na gaba sai an ci na baya. Tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantar takamaimai: wace takarda suke bayarwa don gajeren zama, kuma me suke yi wa wanda bai samu shiga ba.

Sai agogo. Boston da Michigan suna bayan Najeriya da Nijar da awa biyar a bazararsu, awa shida a hunturu. Situdiyon da aka sa ƙarfe shida na yamma don ma'aikatan can, a Kano sha ɗayan dare ne ko sha biyu, ya kuma kai biyu ko uku na dare. Mutum zai jure wannan mako biyu. Zango huɗu kuwa, da aikin safe a gaba, yana cin jiki.

Hanya ta uku: intanet zalla

Academy of Art University a San Francisco tana da M.Arch da za a iya yi ta intanet, Jami'ar Curtin da ke Perth ita ma tana gudanar da nata ta Open Universities Australia don tsarin rajistar Ostireliya. An huta da tikiti da biza. Kuɗin kiredit bai sauya ba. Abin da aka rasa shi ne ɗan zaman nan na ido da ido, wanda a nan ne malami ke gane hannunka, kai ma ka san mutanen da za ka kira tsakar dare idan tsarin bene ya ƙi zama. Wanda ba ya aiki a ofishin zane kuma ya zaɓi wannan hanyar, zai iya gamawa bai taɓa tsayawa a wurin gini ya ga ana ɗaure rodi ko ana zuba kankare ba. A wannan rukunin ne kuma makarantun bogi suka fi yawa. Duba sunan kwas ɗin a shafin hukumar tantancewa da kanta, kada ka dogara da tambarin da makaranta ta liƙa a tallarta, kuma ka bambance kwas mai cikakkiyar amincewa da wanda yake matakin neman amincewa.

Hanya ta huɗu: karatu daga ofis

Wannan tsarin Birtaniya ne. RIBA Studio, wanda Jami'ar Oxford Brookes ke gudanarwa, yana ba mai aiki cikakken lokaci damar cin mataki na ɗaya da na biyu, cikin matakai uku na zama akitek a Birtaniya, daga teburinsa. Ana buƙatar mai kula da kai a ofis, da malami na kanka wanda kai za ka nemo, sannan ka kai aikinka a tantance. Kuɗinsa ya yi ƙasa da na jami'a sosai, amma babu aji, babu mai bin ka, kuma sharaɗin wurin aiki ya keɓe shi ga masu aiki a Birtaniya da ƙasashen Turai da tsarin ya lissafa. Akwai kuma koyon sana'a na matakin digiri na biyu da aka fara a 2018, inda ofis ke biyanka albashi yana sakinka kimanin kwana ɗaya a mako don karatu, sai dai gwamnati ta taƙaita tallafinsa ga masu ƙananan shekaru daga Janairun 2026. Kowace aka bi, akwai wata 24 na aikin horo da jarrabawar mataki na uku kafin rajista. Tun 2023 akwai yarjejeniya tsakanin ARB da NCARB da ta sauƙaƙa wa masu lasisi tsallakawa tsakanin ƙasashen biyu, abin da ya ƙara wa takardun ɓangarorin biyu ƙarko. Haɗarin wannan hanya ofishin ne kansa: idan ya rufe, ko ya ajiye ka a kan zanen tagogi da banɗaki shekara uku, karatun ya tsaya.

| Ma'auni | Zama a makaranta | Gauraye | Intanet zalla | Daga ofis |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Sauƙi a gida, tsada sosai a waje | Tsada, da kuɗin tafiye-tafiye | Tsada, babu tafiya | Mafi sauƙi |
| Albashi | Yakan tsaya | Yana ci gaba | Yana ci gaba | Yana ci gaba |
| Ƙarkon takarda | Mafi ƙarfi | Mai ƙarfi a ƙasar da ta tantance | Ya dogara da hukuma | Mai ƙarfi a Birtaniya |
| Situdiyo | Cikakke | Ta allo, da gajeren zama | Ta allo kawai | Ofis da malami guda |
| Babban haɗari | Bashi, yajin aiki | Biza, gajiya, canjin kuɗi | Kaɗaici, makarantun bogi | Rasa aiki |

Kayan aiki, ga duk mai karatu daga nesa

Kwamfuta mai Windows, domin Revit, manhajar zanen gini ta kamfanin Autodesk, ba ya aiki kai tsaye a kan Mac. Ƙwaƙwalwar RAM 16GB ita ce mafi ƙaranci, 32GB ta fi kwanciyar hankali, da katin hoto na musamman da allo na biyu. Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta wanda ake sabuntawa, manhajar zane ta Rhino kuma tana da farashin ɗalibai. Inda wuta ba ta tsayawa, a tanadi inbata ko sola da za ta riƙe awa huɗu, da layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban, domin juri ba ya jiran kowa. A riƙa ajiye kwafin aiki a wuri biyu kullum.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kwas ɗin Amurka zai koya maka ƙafa da inci, ginin katako da ƙarfe, dokar gini ta IBC, da dokar 1990 ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman shiga gini. Ilimi ne mai kyau, amma mai gini a Katsina ko Maraɗi da bulo da kankare da ƙasa yake aiki, da mita, da zafin da ke haura digiri 40, da gidan da ke buƙatar zaure da tsakar gida da raba shigar baƙi da ta iyali. Kyawun karatun gauraye shi ne sau da yawa ana barinka ka zaɓi filin aikin ƙarshe a garinka. Ka tambaya tun kafin shiga ko akwai malamin da ya san ginin ƙasashe masu zafi da zai duba irin wannan aikin.

Wa ya dace da wace

Idan a Najeriya za ka yi sana'a, digiri na biyu a jami'ar gida da ARCON ta amince da ita ya fi kai ka ga rajista kai tsaye, sai shekarun horo ƙarƙashin mai rajista da jarrabawar ƙwarewa. In har ranka ya kwanta a kan kwas na waje ta intanet, rubuta wa ARCON da sunan makarantar da na kwas ɗin da yadda ake koyar da shi, ka riƙe amsarsu a takarda kafin ka tura kuɗi. Ɗan Nijar ko Chadi ko Kamaru ya yi haka da ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasarsa, ya kuma auna da makarantar EAMAU ta Lome, wadda ƙasashen yankin suka kafa tare kuma suka san takardarta.

Idan kana zaune a Amurka da izinin aiki, kana ofishin akitek mai lasisi, kana da digirin farko a fannin, karatun gauraye kamar don kai aka yi shi. Ka sami yardar maigidanka a kan ranakun tafiya da makon juri tun kafin zango ya fara, ka kuma buɗe rajistar NCARB da wuri, domin awoyin da aka makara ba a kai rahotonsu ba ana rage musu daraja.

Idan daga wani fanni ka fito, ka je makaranta ka zauna, ko da shekarar farko ce kawai.

Idan ka yi shekaru kana zane a ofis a Birtaniya, hannunka ya faɗa, takarda kawai ta rage, RIBA Studio ya fi dacewa da aljihunka, muddin kai mai iya tsara wa kanka lokaci ne.

Intanet zalla kuma a bar wa wanda tafiya ta gagare shi saboda jinya ko reno ko nisa, wanda yake da ofishin da zai riƙa fita da shi wurin gini, kuma hukumar da zai nemi lasisi a wurinta ta riga ta tabbatar masa a rubuce cewa za ta karɓi kwas ɗin.